Ranar Da Remok Ɗin Alhaji Ya Tuɓe Ni

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Lyon ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina tuƙin kamyo, wato babbar motar kaya, a kasuwar Rungis, nesa da Lyon, matata da ɗiyarmu kuma suna Lyon wajen yayar matar tawa, domin ɗakina na La Courneuve ko akuya aka saka sai ta yi ƙara. Sai aka ce mini wani Alhaji ɗan Chadi, mai shagunan kayan abinci a can, yana neman direba. In na samu aikin, na koma kusa da iyalina, shi ke nan.

Na je wajen telolin unguwar Château Rouge na ɗinko babbar riga ta shadda, fara sol, mai faɗi kamar rumfar biki (wai don Alhaji ya san ba da ƙaramin mutum yake magana ba). Ga mamakina, bakin kogi ya ce in same shi. Ashe ya sayi ɗan jirgin ruwa, yana kamun kifi ranar hutu kamar Nasara. Raini ya kama ni. Mutum da kuɗinsa, ga kifi a shagonsa, ya zo yana zaman jiran wanda bai yi masa alkawari ba!

Jirgin yana kan remok, wato keken da ake ɗora shi a ja da mota. A gaban remok ɗin akwai wata 'yar taya mai mariƙi: ka juya, bakin remok ya ɗaga ko ya sauka a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota. Bayan mun gaisa, Alhaji ya sunkuya zai juya ta.

"Haba Alhaji, ina tsaye za ka duƙa?" na ce. "Wannan ai wasan yara ne. Mu da muke haɗa manyan remok kullum?"

"To, Malam, juya a hankali. Doucement."

Juyawa kuma? Ni? Na kwance 'yar tayar na ɗage ta sama, har da cewa an yi ta ne don tsofaffin Faransawa masu ciwon baya. Na tattara ƙarfina na ɗaga bakin remok da hannu, jijiyoyin wuyana kamar za su tsinke, na sake shi a kan ƙwallon. Ƙaras! Ya kama. Na yunƙura zan miƙe in karɓi yabo, sai na ji an riƙe ni.

Gefen rigata ne ya shige tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na ja, bai zo ba. Na kama hannun da ake buɗe bakin remok ɗin da shi, ya cije, ga nauyin jirgi a kansa, ga shadda ta toshe shi. Haka na tsaya a duƙe kamar rago a turke, motoci uku masu jiragensu sun yi layi a bayanmu. Wani tsoho mai gajeren wando har ya fito da waya (ban tambaye shi abin da ya yi da ita ba, kuma ba na so in sani).

Hajiya, matar Alhaji, ta leƙo daga mota. "Ɗana, akwai almakashi a jakata."

Almakashi a shaddar da ko sau ɗaya ba a wanke ba! Na ce a'a. Dabarar da ta zo mini, don Allah ya nufa sai na ƙarasa kunyata kaina, ita ce in zame daga cikin rigar. Na sunkuyar da kai, na fito ta ƙasa. Sai da iska ta buge ni na tuna abin da ke ciki: tsohuwar singiletin aiki, huda uku a ciki, ɗaya daidai cibiya, ga tabon man inji a ƙirji. Matata ta sha cewa in jefar da ita.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Hajiya ta sauko, ta gyara mayafinta, ta sauke 'yar tayar nan da na zaga. Ta juya mariƙin da yatsu uku, nauyi ya tashi, hannun ya buɗe, rigata ta faɗo ƙasa da baƙin maiƙo shafe a jikinta. Ko minti ɗaya ba ta yi ba.

Alhaji ya dube ni, ya dubi rigar. "Bon. Ƙarfi kam akwai, Malam. Amma kayana ƙwai ne da kwalaben mai. Zan kira ka."

Bai kira ba, kuma ban ga laifinsa ba. Har yau ina Rungis, duk sati biyu ina hawa jirgin ƙasa in je in ga ɗiyata, ta yi mini kallon baƙo na rabin yini kafin ta yarda in ɗauke ta. Abin da na koya kuwa, in babba ya ce ka juya a hankali, to ka rufe bakinka ka juya. In kuma ka san kai mai cika baki ne, aƙalla ka sayi sabuwar singileti.