Ranar da Na Ɗauki Bafil a Filinge

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ranar kasuwar Filinge, da ƙungiyar matan unguwarmu ta gayyato wani mawaƙi daga Yamai don a tara kuɗin injin niƙa. Kuɗin shiga dala ɗari ne, in ka biya a buga maka tambari mai shuɗin tawada a bayan hannu. Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, duk gari Mushe ake ce mini kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, kuma wata ya yi nisa, aljihuna fayau.

Ina tsaye bakin ƙofa ina hange sai ga motar makaɗa ta iso, ana sauke kaya. Shaiɗan ya raɗa mini dabara. Na sunkuya na cicciɓi bafil, wato ƙatuwar lasifikar nan, na aza a kai na bi layinsu. Mai tsaron ƙofa har da ce mini sannu da aiki (na amsa masa kuwa, ko kunya babu). Na dire shi gaban dandali, na kakkaɓe riga, na saje da jama'a ina jin kaina gwani.

Sai bayan la'asar mawaƙin ya fito. Waƙa ta biyu tari ya sarƙe shi, ya juya yana kurɓar ruwa, amma muryarsa na ta rangaɗawa cikin bafil. Ashe motsa baki kawai yake yi! Ana cikin gunaguni injin wuta ya mutu. Aka ce to ya yi da bakinsa. Da ya buɗe, wallahi zakaran gidanmu ya fi shi.

Wuri ya yamutse. Mutanen da suka baro garuruwan Tabla da Bonkuku tun safe suka taso, kowa na cewa a maido masa kuɗinsa. Samari sun fara tsintar duwatsu, mawaƙi ya shige mota ya kulle. Hajiya Rakiya, shugabar ƙungiya, tana rungume da jakar kuɗi tana ba da haƙuri.

Mai hankali da sai ya sulale ya tafi gida. Ni sai na haye benci.

"Jama'a, wannan cin amana ne!" in ji ni. "Gumin goshinmu muka kawo nan! Ba mu tafiya sai an biya mu!" Aka ɗauki tafi, kaina ya ƙara girma. Na ƙara da jawabi kan gaskiya da riƙon amana (darasin da na koyar ranar Juma'a ne, yana nan daram a kaina).

Sai Sanda mahauci, wani ƙato da ake tsoronsa a kasuwa, ya ƙura mini ido.

"Ku dakata. Wanga ba shi na gani ɗauke da bahul ba? Ai nasu ne! Tare sunka zo, shina son ya ruɗe mu su tsere!"

Tafi ya tsaya cak. Aka zagaye bencin. Wani ya cafki ƙafar wandona, na ga dutse a hannun wani. Na yi maza na ce:

"Wallahi ban san su ba! Ɗan kallo ne ni kamar ku!"

"To nuna muna tambarinka," in ji Sanda.

Na dubi hannuna, fes kamar yanzu na yi alwala. Ko dai in ci dukan da ba nawa ba, ko in tona kaina gaban iyayen ɗalibaina.

"Ban biya ba," na ce a hankali.

"Mi ka ce? Ɗaga murya kamar ɗazu!"

"Ban biya ba! Bafil na ɗauka don in shigo kyauta!"

Sai wata tsohuwa ta ce, "Lale, Mushe, gumin goshin ke nan?" Wuri ya fashe da dariya, har masu duwatsu suka zubar. Hajiya ta samu sarari ta sa aka yi layi, duk mai tambari ya karɓi kuɗinsa. Wasu ma suka bar wa ƙungiya, wai sun ga wasan da ya fi na mawaƙin.

Ina neman zamewa ta kira ni: "Mushe, tunda ka iya, maida shi inda ka ɗauko." Haka na sake aza shi a kai, na ratsa taro ana yi mini guɗa.

Har yau Mushe Bafil ake kirana, kuma in za a yi biki a unguwa sai an aiko tambayar ko ina da sarari. Yanzu ina biyan kuɗin ƙofa tun kafin a tambaye ni. In kuma aka ce a tashi neman haƙƙi, sai na fara duba bayan hannuna kafin in hau benci.