Rasuwar Sese-Sese, Ɗakin Baba Mai Taya Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen da bai daina saurare ba har yau, Munir ɗan marigayi Alhaji Mahamman dillalin shanu, na unguwar Hausawa a Garwa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta da safe, rasuwar motarsa Hajiya Sese-Sese. Rai ya yi mata halinsa a tsakiyar wani rafi bayan garin Gidar, bayan gajeriyar jinya. Daga ƙarfe ta fito, ga ƙarfe za ta koma.

Marigayiyar ba ta taɓa zuwa Makka ba. Ta samu sunan Hajiya ne don duk Garwa babu motar da ta kai ta fuskantar gabas. Sese-Sese kuwa Fulanin kasuwar Adumri suka laƙaba mata, wato sannu-sannu, don ba a taɓa ganin ta wuce ko mai keke a kan hawa ba.

Ƙaramar bas ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jigilar fasinja tsakanin Garwa da Marwa. Da ƙarfinta ya ƙare aka ajiye ta a garejin Sharif bakanike, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerunta. A nan Munir ya same ta, a shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba, mahaifinsa.

Waɗanda suka san Munir sun san ba ya zama wuri ɗaya. Ya bar makaranta tun bai yi nisa ba. Ya yi haya da moto, wato babur, ya yi gyaran waya, ya yi fataucin kifi daga Maga, babu wanda ya riƙe shi. Har ya haɗa jakarsa zai bi jirgin ƙasa daga Ngawundare ya gangara kudu sai Baba ya faɗi. Harshen Baba ya yi nauyi, magana sai da ƙyar. Amma da ya ga jakar a bakin ƙofa, ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Ajiye. Sai na sallame ka." Munir ya ajiye.

Zaman gida ya fi ciwon cin Baba. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin ƙahonni, ran kasuwa sai ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci. Shi ya sa Munir ya cire kujerun bas ɗin, ya mayar da ita ɗaki, ya kai Baba wurin shanu tunda shanu ba za su zo gida ba.

Ga wasu daga cikin kyawawan halayenta, don masu niyyar yin irinta su amfana.

Gadonta na katako ne, an ɗaure shi da ƙasan mota da noti, duk kaya masu nauyi suna ƙarƙashinsa don kada ta riƙa rangaji a kwana. Sharif ya yanka sabuwar taga ƙasa-ƙasa, daidai idon mutumin da ke kwance a kan ɓarinsa na dama, yadda zai ga sa tun daga tozo har kofato. Ta wannan taga Baba ya ci gaba da dillanci. A jawo masa sa, ya duba, ya ɗaga yatsu ko ya kau da kai. A kowace kasuwa Munir kan yi ta gaba da baya har tagar ta kalli gabas, don in lokacin salla ya yi ba sai an juya Baba ba. Mutane suka saba, suka riƙa bar mata gurbinta.

Rufinta an shafe shi da farin fenti, an shimfiɗa zana a kai an ɗaure da roba. A zafin bazara na Garwa, in aka yayyafa wa zanar ruwa, cikinta ya fi zauren mai kuɗi sanyi. Randarta na zaune cikin tsohuwar taya da aka cika da jiƙaƙƙen yashi, ba ta taɓa faɗuwa ba. Ƙofofin kabad duk an yi musu maɗauri na robar tsohon tubu, tun ranar farko da aka faɗa rami kofuna suka zubo wa Baba a ƙirji. Akwai raga a tagogi saboda ƙudan kasuwa, akwai ƙaramar sola mai juya fanka da rediyo. Wuta ba ta taɓa shiga cikinta ba, shayi a waje ake dafa shi, a bakin ƙofar baya. Aibinta guda ne, kuma ba laifinta ba ne: audugar da aka cusa a bangonta don tare zafi. Mai hankali kada ya yi haka. Ɓeraye sun ɗauka gayyata ce.

Tana da murya. Da safe takan ce kyar, kyar, kyar, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ce gurrr. Ƙofarta takan ce ƙiii. Randa takan amsa culum a kowane rami. Amma muryar da aka fi saninta da ita ta allon katako ce, wanda ya raba direba da ɗaki. Baba yana da sandarsa ta kiwo a hannun hagu, hannun da ciwo ya bar masa. In ya buga allon sau ɗaya, tsaya ke nan. In ya buga biyu, mu tafi. Da wannan uba da ɗa suka yi ta hira daga Adumri zuwa Pitowa, daga Gidar har gindin dutsen Mindif.

A cikinta Baba ya cika. Ana dawowa daga Adumri da la'asar, allon ya ce ƙwas. Munir ya tsaya, ya jira na biyu. Da jiran ya yi tsawo ya zagaya baya, ya tarar da Baba kwance a kan damansa, fuskarsa na tagar, ba sauran abin da za a juya. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Maganarsa ta ƙarshe ga ɗansa ita ce tsaya.

Bayan haka marigayiyar ta ci gaba da kai abokan Baba kasuwanni. Kan tabarma suke zama, babu mai hawa gadon. Kwarmin da jikin Baba ya yi a katifa ya ƙi tashi, duk da an sha shanya ta a rana. Sandar kuwa tana rataye a ɗakin Adda Haula, yayar Munir. Duk da haka, ana cikin tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, rana tsaka, sai allon ya ce ƙwas. Sau ɗaya. Ƙafar Munir ba ta shawara da shi, birki take takawa.

"Ɗan Alhaji, me ka gani?" in ji fasinja.

Munir yakan riƙe sitiyari yana saurare, sai sun fara tsaki ya ja.

Adda Haula ta sha yi masa magana. "Auta, katako ne fa da ƙarfe. Baba yana makwancinsa. Ɗauki jakarka ka tafi, ni na sallame ka."

"Ba ke kika ce in ajiye ba, Adda."

Sharif ma ya ce, "Patron, maigida, kawo ta in ɓalle allon nan in nuna maka aljanin naka, in ya so mu raba shi biyu." Munir ya ƙi.

Ciwon ajali ya same ta da daminar nan, a hanyar wata kasuwar ƙauye, inda babu gada sai simintin da aka shimfiɗa a cikin rafi. Ruwa ya kai rabin taya. Kowane direba a ƙasar nan ya san in ka shiga ruwa ba ka ɗaga ƙafa daga totur sai ka fita, Munir ma ya sani. A tsakiyar rafin allon ya ce ƙwas. Ya tsaya. Ruwa ya bi ta salansa ya shige ta, ya ci gaba da hauhawa. Ta yi tari biyu masu rauni, ba irin na safe ba, ta yi shiru. Dattawa suka fito suna tattare manyan riguna, babu wanda ya ji ciwo. Shanun noman wani bawan Allah ne suka jawo ta gaɓa. Ita da ta ƙare rayuwarta tana bin shanu, su suka ɗauko ta.

Sharif ya buɗe injin, ya daɗe yana kallo, ya cire hularsa ya mayar. "Ta sha ta ƙoshi. Wannan kam sai haƙuri."

Wajen yi mata wanka aka ɓalle allon. A bayansa, cikin audugar da ɓeraye suka rarake, aka sami ƙaramar kwalbar turaren Baba, tana da wurin mirginawa ta bugi katako. Adda Haula ta ɗaga ta sama ta ce, "To ga mai bugun naka." Ta yi dariya, ta shinshina murfin, sai dariyar ta koma kuka. Ta ƙulle kwalbar a bakin zane ta tafi da ita gida. Allon ma matar Sharif ta ɗauke ta yi murfin akurki.

Marigayiyar ta rasu ta bar Munir da Adda Haula. Ta bar randa, lafiya lau, ko tsagewa babu. Ta bar tayoyi huɗu, babu biyu da suka haɗa uba. Ta bar sola da fanka, da ɓeraye iyali guda waɗanda har yanzu ba a sanar da su ba. Ta bar gurbi a kasuwar Adumri, wanda aka ce har makon jiya babu motar da ta shiga.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar bayan azahar a garejin Sharif. Ana roƙon masu ƙarfi su zo da wuri a juya ta tagar ta kalli gabas kafin mai walda ya sa wuta. Tagar za a cire ta ɗungurum a kai gidan Adda Haula. Katifa ba ta cikin rabo, kada kowa ya tambaya. Sauran jiki na 'yan gwangwan ne. Sahun gaba na waɗanda suka taɓa tura ta ne.

Za a karɓi gaisuwa a gidan Adda Haula, kuma ita kaɗai za a tarar. Munir yana neman afuwar jama'a, da an gama yanka zai wuce tashar motar Ngawundare. Jiya da hantsi ya shiga marigayiyar don ya kwance carbin da ke jikin madubi. Sharif ya fita sayen ƙarfe, babu kowa a garejin. Babu inji, babu allo, babu kwalba, babu sanda. Ya zauna a kujerar direba, sai daidai bayan kunnensa aka ce ƙwas. Ya riƙe sitiyari, ya jira kamar yadda ya saba.

Aka ƙara.

Allah ya ba mu haƙurin rashi. Wanda ya riga isa ya tura ta a hankali, ba ta son gaggawa.