Yadda Alhaji Mamuda Mai Ƙofa Ya Ci Tsohon Birni

Da sunan Wanda ya kafe duwatsu ya shimfiɗa teku. Bayan haka, wannan shi ne tarihin fatahin da aka yi a hannun Alhaji Mamuda Mai Ƙofa, ɗan Malam Sambo mai awon gero, ɗan Jatau madugu wanda ya taka daga Gumel har Gwanja da ƙafarsa, zuriyar da ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsu sai wanzami. Sakata gagara ɓarawo! Ƙyauren ƙarfe, a ture ka a ji a kafaɗa! Sai dai gadon ƙafa bai iso kan Mamuda ba, domin shi ko masallacin unguwa da mota yake zuwa in rana ta yi zafi.

A shekarar da abin ya auku, ya tafi ƙasar Turkiyya saro ƙofofin ƙarfe, ya ɗauki uwargidansa Hajiya Tabawa, malamar firamare da ta yi shekara ashirin tana takawa zuwa makarantar ƙauye. Da aka gama ciniki suka gangara wani gari a bakin teku don su huta. Can aka ce musu akwai wani tsohon birni a kan dutsen da ke bayan garin.

Tsohon birni! Nan take Alhaji ya hango ganuwa da fada da kasuwa, da masu shayi a bakin hanya, da dubban gidaje kowanne yana jiran ƙofa. Da Hajiya ta ce za ta je, ya yi dariya har tumbinsa ya motsa.

"Hajiya, wannan ba aikin mata ba ne. Wallahi tallahi sai na riga ki shiga birnin nan."

"Alhaji, ka bar rantsuwa, ba ka ga dutsen ba."

"Na rantse na kuma!"

To, rantsuwa ta fita. In ya gaza, kaffara ta hau kansa, kuma abin da ya fi kaffarar ɗaci, a gaban matar da ya saba tafiya tana bin bayansa.

Da hantsi sadauki ya yi ɗamara: babbar riga ta shadda mai sitaci, hula, takalmi sau-ciki mai santsin tafi, da aljihu cike da katin shagonsa. Hajiya ta sa kambas ta rataya gorar ruwa. Jagoransu wani dattijo ne mai suna Kemal, busasshe kamar kara, da sandarsa.

Aka buga gangar tafiya. Alhaji ya yi gaba yana kirari, ya ci zango na farko da ƙarfin tuwo, har ya waiwayo yana tambayar ko mata sun gaji. Sa'an nan rundunonin dutse suka fito masa ta kowace fuska: ƙaya ta kama gefen riga ta dama, tsakuwa ta zame ƙarƙashin ƙafar hagu, iskar teku ta shiga cikin shaddar nan ta kumbura ta tana neman ɗaga bawan Allah gaba ɗaya, gumi ya narkar da sitaci, numfashi ya koma irin na zugazugin maƙeri. Ya leƙa ƙasa sau ɗaya, ya ga teku can nesa shuɗi ba iyaka, ya ƙwala kabbarar da ta tarwatsa garken awaki. Hula ta tashi ta bi iska, ba a sake jin labarinta ba.

Wasu tsofaffin Turawa mata suka wuce shi suna hira. Hajiya ta tsaya ta ba shi ruwa.

"Wuce abinki," in ji shi, "dabara nake yi."

Ta wuce. Masana sun yi saɓani kan abin da ya biyo baya. Wasu sun ce rarrafe ya yi, wasu sun ce sujadar godiya ce ta yi tsawo. Abin da aka haɗu a kai shi ne, wani manomin zaitun ya tsince shi, ya ɗora shi a kan alfadari tsakanin buhu biyu, kuma a haka gwarzo ya isa ƙololuwa gab da la'asar.

Ya sauka ya duba. Ginshiƙai a kwance, bango a rushe, ciyawa ta cinye ɗakuna, ƙadangaru suna shan rana. Ba gida ko ɗaya mai rufi. Tausayi ya kama shi na gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗingisa wurin Kemal, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ashe abin da ya same ku ke nan? Sannunku. Allah ya mayar da alheri. Yaushe abin ya faru? An yi asarar rai?"

Hajiya na zaune kan wani ginshiƙi tana cin dabino. Ta mayar wa dattijon da jajen cikin Turanci, ya ba da amsa yana ƙifta ido.

"Ya ce an yi wajen shekara dubu biyu."

"Kuma har yau gwamnati ba ta zo ba?"

Ya zube kan wani faffaɗan dutse. Can hankalinsa ya dawo, ya tuna da rantsuwa, fiƙihu ya motsa.

"Hajiya, ni a kan birni na rantse. Wannan kufai ne. Inda ba ƙofa ai ba shiga."

"Alhaji, kai da kake sayar da ƙofa? Dokin ƙofar ne kake zaune a kai. Ni na tsallake shi tun kafin azahar."

Ta juya tana kallon teku. Daɗi ya cika ta, don tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa tafiya tare da shi babu bayansa a gabanta ba sai ran nan.

Da suka dawo Gumel, limamin unguwa ya saurari ɓangarorin biyu ya tabbatar da kaffara: a ciyar da miskinai goma. Alhaji ya karɓi hukunci da ƙarfin zuciya irin na manya, ya ce a ƙara da nama, a kuma shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda kowa zai gani. Mutane suka ci suna sa masa albarka, shi kuwa yana kan kujera yana ba su labarin yadda ya hau.

Hajiya Tabawa ce ta tuƙa tuwon, ita ta wanke kwanukan.