Yadda Za Ka Tsere wa Fansho, Daga Bakin Wanzamin Shingen Jibiya

Ni ne Ɗanmaraya wanzami, mai zama gindin tsamiya daura da shingen kan iyaka a nan Jibiya. Duk ma'aikacin wurin nan, daga mai duba kaya har masinja, kansa ya bi ta hannuna. In furfura ta fara leƙo maka, kana kuma jin raɗe-raɗin wani abu wai shi fansho, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka mutu a bakin aikinka da hular ofis a kai. Na gwada su a kan Kalilu mai ɗaga shinge, sun kuma yi aiki fiye da yadda muka so.

Mataki na 1: Toshe kunnenka

Za a turo maka wani mai bayani. Mu Malam Lawwali aka turo mana daga Katsina, sabon akawu, mai fara'a. Ya tara ma'aikata ya ce, duk wata ana yankar ɗan wani abu daga albashin mutum a ajiye masa, ofis ma ya ƙara nasa. Ranar da mutum ya kai shekara hamsin da biyar sai ya huta, a ba shi kuɗin sallama a dunƙule, wato garatuti, sa'an nan duk ƙarshen wata ya zo ya karɓi fansho har ƙarshen ransa. Yawan abin kuwa gwargwadon daɗewar mutum a aiki.

Kada ka yarda. Tun da kake, ka taɓa ganin an biya mutum don ya kwanta? Kalilu ya zo ya zauna a tabarmata, ya ce, “Wanzam, wanga abu kora ce aka raɗa wa sunan Turawa. In na bar shinge, wa ka gaishe ni a garin ga?”

Na ce, “Bar mini komai.”

Mataki na 2: Rage shekaru

Ba a haife ka da takarda ba, saboda haka shekarunka naka ne, ka yi yadda ka ga dama da su. Da Malam Lawwali ya tambayi Kalilu, sai ya ce ai shi shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano aka haife shi. Akawu ya lissafa, ya ce arba'in da 'yan kai ke nan. Ya ɗan dube shi, ya dai rubuta.

Gargaɗi: daga yau ka daina ba da tsohon labari. Kalilu ba abin da yake so kamar ya gaya wa direbobi yadda ya ga Baturen farko ya nufi Katsina bisa doki, shi yana kiwon awaki. Sai da na yi ta taka masa ƙafa kafin ya bari.

Mataki na 3: Zo wurin wanzami

Kai a aske shi tal. Gemu kuwa, ina da shuni mai kyau daga marina. Sharaɗi ɗaya ne, ka guji ruwan sama. Kalilu bai ji ba. Hadari ya taso daga wajen Maraɗi, ya tsaya wai sai ya sallami wata mota. Kafin ya shigo inuwa gaban rigarsa ya koma kamar an tsoma a karofi. Ya ce wa mutane tawada ce ta zube masa. Kalilu da ko alƙalami bai taɓa riƙewa ba!

Mataki na 4: Ɓoye 'ya'yanka

Babu mai tona asirin tsoho kamar ɗansa. Uwaisu, ɗan farin Kalilu, fatauci yake yi da jakai, shi kansa gemunsa ya fara fari. Ranar kasuwa ya iso shinge, ya durƙusa a gaban akawu da kowa, ya ce, “Baba, ina wuni?”

Kalilu ya juya baya yana neman wanda ake gaisarwa. Daga nan ya ce da akawu, “Malam, yayana ne. Tun da jaki ya harbe shi kowa Baba yake ce mai.”

Uwaisu ya tashi ya kora jakansa, bai sake magana da ubansa ba sai da aka yi sallar idi.

Mataki na 5: Nuna ƙarfi

Ranar da babban jami'i zai zo rangadi, ɗaga shinge da hannu ɗaya. Kalilu ya ɗaga, ƙarfe ya tashi sama, jami'i ya gyaɗa kai. Sai muka ji ƙas! Ƙarfe ya sauko, Kalilu bai miƙe ba. Motocin gyaɗa suka jeru suna ta ƙaho, har ma'aikatan duwan, wato kwastan na wancan gefen iyaka, suka leƙo kallo. A kan ƙyauren shago muka kai shi gida, yana cewa ba komai, ruku'u ne ya ɗan tsawaita.

Mataki na 6: Kada uwargida ta ji

Nan ne muka yi sakaci. Uwa, matar Kalilu, ta je suna Gangara, ta tarar da wani tsohon ɗan doka da ya yi murabus ya sayi shanun noma da garatutinsa, yana kwance a inuwa, ƙarshen wata kuma a kirga masa nasa. Ta dawo ko lulluɓi ba ta cire ba, ta tsaya a kan maigidanta.

“Malam, ashe abin da kake gudu ke nan? Ka karya bayanka don kada a ba ka hutu da kuɗi?”

Ta sa aka kira Malam Lawwali. Ya zo ya durƙusa, ya yi sannu, ya ce, “Baba Kalilu, da so samu ne gobe ka huta. Amma bisa ga shekarun da ka faɗa da bakinka, da sauranka fiye da goma.”

Kalilu ya dube ni. Ni kuwa na dubi rufin ɗaki.

Mataki na 7: In ta ɓaci, tsufa da gaggawa

Uwa ta kawo ruwan zafi da sabulun salo, aka wanke gemu har ya fito fari fat. Aka aika ƙauyen Mazanya aka ɗauko wasu tsofaffi biyu da aka yi musu kaciya tare da shi, suka shaida. Likita ma ya duba haƙori da gwiwa, ya ce wannan ai ya daɗe da wuce sittin. Malam Lawwali ya yi ta zirga-zirga Katsina har magana ta gyaru.

Yanzu Kalilu yana da gona a Farfaru da bijimai biyu. Ƙarshen wata yakan shigo gari bisa jaki, da sabuwar riga, ya karɓi fanshonsa, ya sayi tsire, ya zo ya zauna a tabarmata. Kwanan baya ina masa aski, aska ta ɗan karkace a hannuna. Ya kama wuyan hannun nawa, ya ce, “Wanzam, hannun ga ya fara rawa. To kai, wa ka ba ka fansho?”

Na ce ya daina motsi.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya karye, maɗori zai nema, ba ni ba. Wanda ɗansa ya yi fushi da shi, ko uwargida ta hana shi tuwo, ba da yawuna ba, ni aski na iya. Kuma in wani ya ce maka ya ga na kai tunkiya da ɗan maraƙi garken wani Bafillace a bayan gari, wai ina ajiya don ranar da aska za ta gagare ni, ka ce masa ƙarya ne. Tumakin ma uku ne.