Yashin Dakta da Kajin Ladi

Ko da sunayen jikokina sun fara ɓace mani, ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da wani Dakta ya zo Tafoki daga jami'a, lokacin da arzikin man fetur ya sa kowa ɗaura agogo. Ya ce ya zo binciken zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe ƙasar Turawa, mu kuma rairayi ya binne tamu, kafin ruwa ya dawo ya yi tabki. Aka naɗa ni shugaban leburori, don ni kaɗai na kai aji huɗu. (Sau biyu ma na kai.) Ya yi mani alkawari, in na yi abin kirki, zan raka kayan har jami'a a gidan gaba na mota. Na shelanta wa gari.

Kwana biyar muna haƙa rami a fadama. Kowane taku sai ya ɗebi ƙasa a 'yar jaka, ya rubuta zurfinta. Ranar kasuwar Faskari ya tafi cin kasuwa, ya bar mani jakunkunan in ajiye.

Na buɗe ɗaya, na ga yashi cike da ɓawon katantanwa. Na ce kai, wannan dattin zan kai gaban manyan malamai? A garinmu ko geron baƙo ba a bayarwa da tsakuwa. Na kira matata Ladi da faifai da rariya. Muka tankaɗe, muka sheƙe, muka juye duka a buhu guda. Ɓawon kuwa kaji suka yi rububinsa.

Da Dakta ya dawo, na miƙa buhun da hannu biyu.

Ya leƙa, ya daɗe. "Malam, ina katantanwar?"

"Ranka ya daɗe, na gyara."

"Da ita fa za a auna shekarun tabkin. Tana ina?"

Na nuna mashi zakara.

Ya zauna bisa turmi, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ladi ta ce, "In an yanka shi fa, Dakta?" Nan leburorin da suka biyo shi suka zube ƙasa don dariya.

Muka sake haƙa sabon rami. Jami'a kuwa na je, amma a bayan mota, an ɗaure jakunkuna da igiya, an zaunar da ni nesa da su.

Tun ran nan, in mai ilimi ya ba ni shara ajiya, ɗaki nake sa ta in kulle, in kori kaji.