Taku Ashirin a Layin Mai

Jiya na wuni a layin mai, ni da ko keke ban mallaka ba. Laifina ɗaya: na roƙi maƙwabcina Malam Sabitu ya rage mini hanya daga Tirwun zuwa cikin gari, shi kuma ya ce mu ɗan biya ya sha mai, minti biyar kacal. Da hantsi muka shiga layin. A nan muka yi azahar, muka sha rake, muka san sunan kowa a motoci shida na gaba da shida na baya. Allah ya ja zamanin Mai Girman da ya shiga rediyo ya ce an gama da layin mai har abada. Ina kyautata zaton bai biyo ta wannan titin ba ne.

Bari in gabatar muku da Malam Sabitu. Shekara ashirin da takwas ya yi yana tuƙa wani babban mutum a GRA, aka sallame shi da tsohuwar mota da agogon bango. Da motar nan yake ci da iyalinsa, kullum da safe yana kwasar mata 'yan kasuwa da kayansu. Rabin masu tuƙi a unguwarmu shi ya koya musu. Tun bara 'ya'yansa suke damunsa ya ajiye mukulli, wai ya fara faɗa wa ramukan da kowa ke kauce wa. Shi kuwa ya rantse sai dai a zare mukullin daga aljihun gawarsa.

Muna cikin tsotson rake sai wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce Mas'uda, wadda ke aikin jinya a Turai, ta kira ta bidiyo. Idanunta sun yi jawur.

"Baba, na sake faɗuwa jarrabawar tuƙin."

"Karo na nawa ke nan?"

"Na uku."

Malam Sabitu ya tofar da rake ta taga. Ya ce ta faɗa masa laifinta, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce karon farko ta danna wa wata tsohuwa ham, karo na biyu ta riƙe sitiyari da hannu ɗaya, na ukun kuma ba ta waiwaya ta duba gefenta ba kafin ta sauya hannu. Ta ce kuɗin awa ɗaya na malamin tuƙi ya isa cika tankin motar nan har a samu canji, kuma sai ta jira wata biyar kafin a sake ba ta rana.

"Duk abin da kika lissafa ai shi ne tuƙin!" in ji shi. "Yarinyar da na ɗora a kan sitiyari tana shekara goma sha uku, da filo biyu a ƙarƙashinta, a filin ƙwallon makaranta, ita wani zai ce ba ta iya ba?"

"Baba, da a nan ne ka yi haka, da an kama ka. Sai mutum ya kai sha bakwai ake barin sa ya fara koyo ma. Wata ƙasar sai sha takwas."

A nan ne, mai karatu, kishin ƙasa ya motsa mini. Mutanen nan ba su san darajar ɗan Adam ba. Mu a wurinmu shekarun tuƙi tsawon ƙafa ne: in ta kai birki, shi ke nan, in ba ta kai ba a ƙara filo. An ce akwai dokar shekaru a rubuce, kuma na yarda, don na san tana nan lafiya ƙalau cikin durowa, ko ƙura ba a bari ta taɓa ta. Dubi kuma irin karamcin Mai Girma Alhaji Mai Hatimi na ofishin ba da lasisin tuƙi. Shi ba ya wulaƙanta magidanci da tambayoyi. Ba zai sa ka ja mota da baya a gaban yara ba. Ka kawo hoto, ka kawo ɗan abin shan ruwa, ka tafi harkarka. A watan jiya Malam Sabitu ya sabunta lasisinsa, ko zama bai yi ba. Ya ce ya hango injin gwada ido a lungu, wanda aka ƙaddamar da shi da makaɗa da shanu biyu. An lulluɓe shi da zane mai kyau, an ɗora masa fulas ɗin shayi. Wannan shi ne tattalin dukiyar jama'a, don injin da ba a taɓawa ba ya lalacewa.

Malam Sabitu dai bai huce ba. Ya ce, "To, wai da me suke farawa? Faɗa mini in ci musu jarrabawar daga nan Bauchi."

Mas'uda ta ce, "Kafin ka shiga mota ma, sai a tsayar da kai kamar taku ashirin daga wata motar, a ce ka karanto lambarta. In ka kasa, ka koma gida."

Ya kwashe da dariya har hularsa ta zame. Ya miƙa mini wayar ya ce in riƙe ta yadda za ta gani, ya fito, ya tsaya a bayan motar da ke gabanmu, ya ƙirga taku ashirin da baya. Layin mai ba ya rasa 'yan kallo. Kafin ka ce me, direbobi sun kewaye mu, har da Godfrey mai facin taya na bakin gidan man, wanda ya naɗa kansa alƙali.

"Oya, Baba, karanta," in ji Godfrey. "Mota ɗin nan ba ya gudu, tun safe yana nan."

Malam Sabitu ya ƙanƙance ido. Inda aka rubuta takwas ya ce uku. Ya kira wani harafi da babu shi a wurin gaba ɗaya. Aka yi shewa. Ya ce laka ce ta rufe lambar, Godfrey ya je ya goge ta da tsummansa har tana ƙyalli. Ya ce rana ce ke dukan idonsa, wani ya kare masa da kwali. Ya ce takun nasa ne ya yi faɗi, don shi dogo ne. Aka yarda ya matso taku biyar. Bai gani ba. Ya ƙara biyar, har yanzu yana canka. Tun ana dariya da ƙarfi, har ta koma ɗaiɗai, har ta ɗauke. Sai da ya rage taku shida tsakaninsa da motar sannan ya karanto lambar daidai, a hankali, kamar ɗan aji ɗaya.

Babu wanda ya tafa. Godfrey ya cusa tsummansa a aljihu ya koma wurin tayoyinsa.

Malam Sabitu ya zaro lasisinsa sabo fil, ya ɗaga wa wayar. "Ga shi nan. Hukuma ta ce ina gani."

Mas'uda ba ta yi masa gardama ba. Ta ce, "Baba, mutum nawa ka ɗauko yau da safe?"

Ya mayar da lasisin aljihu. "Shida."

"Don Allah, Baba. Ka ajiye mukullin har sai likitan ido ya duba ka. Ni zan ji da komai." Sannan ta ce da ni, "Kawu, kai ne shaida."

Gaskiya tausayinsa ya kama ni. Na san mutumin nan da fahari da taurin kai, ban taɓa ganin ya karaya ba sai jiya. Ga yarinyar da aka kayar saboda ba ta waiwaya ba, ga ubanta da aka bai wa takarda ba tare da an dubi idonsa ba ko sau ɗaya. Haushin bai tsaya mini a kansa ba. Ya tafi can kan mai hatimin da ke ta yi mana wannan karamci.

Ana haka sai layi ya motsa, karon farko cikin awa biyu. Ham ta ko'ina, na baya suna zagi. Malam Sabitu ya dubi motarsa, ya dubi mukullin da ke hannunsa, ya juya shi sau biyu. Sai ya damƙa mini.

"Ungo. Ai kana da lasisi. Ja mu je."

Ina da shi kuwa, yau shekara goma sha ɗaya, an sabunta mini har sau biyu. Na yanke shi ne lokacin da banki suka ce in kawo katin shaida. A rayuwata ban taɓa zama a kujerar direba ba, kuma ban san wanne ne birki a cikin abubuwan nan uku na ƙasa ba. Na raɗa masa haka a kunne. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, sai ga shi yana dariya har da hawaye, kuma ban tantance ko duka hawayen na dariya ne ba.

Haka muka tura motar har bakin famfo, shi yana riƙe da sitiyari ta taga, ni ina baya ina nishi, ina gaya masa inda rami yake. Direbobi biyu cikakku, kowa da hatimin hukuma a aljihu. Mas'uda, ki daure ki ci ta huɗun, gidan nan yana bukatar mutum ɗaya da ya iya tuƙi.