Rasuwar Ƙoƙo Mai Huji na Gidan Yagana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi kwantawa, gidan Yagana mai bandar kifi da ke bakin fadamar Guri yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da masunta, da fataken hanyar Kano, rasuwar Ƙoƙo Mai Huji. Ya cika ranar Litinin gab da azahar, a wannan shekara ta dubu ɗaya da ɗari biyu da casa'in bayan Hijira. Shekara bakwai ya yi a bakin aiki, bai taɓa makara ba. Mutum nawa ne a garin nan za a iya yi wa wannan shaida?

An haifi marigayin a wata gonar duma da ke wajen Kafin Hausa, aka kawo shi Guri a matsayin ƙoƙon shan ruwa. Bai daɗe ba wani ƙwaro ya huda masa gindi. A wani gidan da tuni an jefa shi bayan danga. Yagana kuwa ta lura cewa in ta bar shi a kan ruwan randa, yakan cika a hankali, kuma cikarsa ta yau ita ce cikarsa ta jiya. Sai ta ɗaura masa guntun ƙarfen tsohuwar fartanya don ya riƙa nutsewa. Kaka guda ta yi tana faɗaɗa hujin kaɗan-kaɗan da ƙaya, tana gwada shi da wuta da kifi, har nutsewarsa ta yi daidai da lokacin da karfasa ke son a juya ta a kan murhu. Tarwaɗa mai kitse kuwa nutsewa biyu take so.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan ya san muryarsa. Ba shi da surutu. Zai yi shiru yana shan ruwansa, sannan ka ji ɓulum, sai ƙarfen ya taɓa gindin randa, ƙwal. Iyakar maganarsa ke nan a duniya, kuma ta fi ta majalisar gindin tsamiya amfani.

Kafin zuwansa, Yagana tana yin banda yadda kowa ke yi. Ta tsaya kan murhu ɗaya tana leƙe, hayaƙi yana cin idonta, ɗanyen kifi yana jira a kwando ƙuda na binsa. Da ya kama aiki sai hannunta ya kuɓuta. Tsakanin nutsewa da nutsewa takan feɗe kifi kwando guda, ta faskara itace, ta ɗaure wanda ya bushe. Murhu ɗaya ya zama uku. Har gaisuwa marigayin ya yi wa iyaka. Mace za ta shigo aron garwashi, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwan bana, ta koma kan gida, sai a ji ƙwal, Yagana ta miƙe. Da yawa sun ce ta cika gaggawa, wasu sun ce ƙwarya ce ke juya ta. Su faɗa. Mu dai mun san yadda muke a garin nan. A ce da mutum yaushe, ya ce an jima. A ce wace an jiman, ya ce in rana ta yi sanyi. Rana ta yi sanyi, ya ce ai gobe ma rana ce. Kifi ya ruɓe a hannunmu, mu ce haka Allah ya so, alhali Allah ya ba mu wuni guda cif muka zaunar da shi a kan tabarma.

Saboda wannan ƙoƙo ne madugu Baƙo, mai kai kifi Kano, yake wuce masu banda na cikin Hadejia, ya koro jakunansa har Guri. Sharaɗinsa ɗaya ne tun farko: ya iso ya tarar da kaya a ɗaure. Ran da ya jira, ya daina zuwa. Shi ne babban mai sayen gidan, kuma da cinikinsa ake ci a gidan.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne da alheri. Kawu Umara, ƙanen mahaifiyar Yagana, ya zo daga Jahun ranar Asabar don ya kwana biyu. Dattijo ne mai son zumunci, wanda ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ranar Litinin da sassafe Yagana ta tafi bakin ruwa tarar masunta, don ranar ce Baƙo zai zo bayan azahar. Kawu ya je randa shan ruwa, ya ɗebo da ƙoƙon, ruwa ya tsiyaye masa a riga. Ya juya shi, ya ga huji, ya ga ƙarfe a ɗaure, tausayin 'yar 'yar'uwarsa ya kama shi. Ana haka sai ga gyartai, mai gyaran ƙwarya, yana wucewa. Kawu ya kira shi. Ba mu ɗora wa gyartan laifi ba, aikinsa ya yi, kuma ya iya. Ya toshe hujin da ɗan itace da danƙo, ya goge, ya shafa toka, har sai ka sa farce kafin ka gane wurin. Ƙarfen ma ya bar shi, wai ko na magani ne. Kawu ya mayar da ƙoƙon mazauninsa, bai gaya wa kowa ba. So yake ta gani da kanta ta yi murna.

Yagana ta dawo da kamun da ba ta samu irinsa ba duk bana. Ta jera kifi a murhu uku, ta gyara wuta, ta ɗora ƙoƙon a kan ruwa ba tare da ta dube shi ba, kamar yadda mutum ba ya duban hannunsa kafin ya ɗauki abu. Ta zaga bayan zana ta hau fiɗa, kunnenta na wajen randa.

Ta gama kwando ɗaya. Shiru. Ta ce a ranta yau hannunta ne ya yi sauri. Ta shiga na biyu. Iska tana kaɗa hayaƙin wajen kogi, don haka hancinta bai gaya mata komai ba. Jikinta dai ya gaya mata. Sau biyu tana ajiye wuƙa za ta tashi, sau biyu tana komawa, domin shekara bakwai duk gardamar da suka yi da marigayin shi ne yake da gaskiya. A nan dole mu faɗi abin da ba ma so: ta yarda da shi fiye da kima. Da ƙauri ya iso mata, an riga an gama. Murhu uku, ƙasan kifin ya zama gawayi, samansa ɗanye. Marigayin kuwa yana can kan ruwa yana lilo, cikinsa a bushe.

Kawu ya fito daga zaure yana murmushi.

"Kin gani ko, 'yar nan? A ce kina da kawu a raye kina shan ruwa da ƙoƙo mai yoyo?"

Yagana ta dubi ƙoƙon, ta dubi murhu.

"Kawu, da ka tambaye ni."

"A tambayi mutum kafin a yi masa gyara? To wa ya ƙona miki kifi haka?"

Yagana ta juya wajen randa. Ta ɗauki basilla ta sa a wuta, ta nufi hujin. Danƙon ya riƙe, ta danna, basillar ta zame. Marigayin ya yi ƙara ɗaya da ba a taɓa ji daga gare shi ba, ƙas, ya tsage daga gindi har baki. An koma an nemo gyartan. Ya ce zai ɗinku. Yagana ta ce ta sani, amma ɗinkakken ƙoƙo ta ɗinkin yake shan ruwa, yau da sauri gobe a hankali, kuma gara marar magana da mai ƙarya. Nan aka haƙura da shi.

Baƙo ya iso bayan azahar kamar yadda ya ce. Ya zaga murhun, ya ɗauki tarwaɗa guda, ta ruguje a hannunsa.

"Yagana, wannan kifi ne ko kayan maƙera?"

"Madugu, rashi aka yi mana."

"Na ji a hanya. Allah ya ba da haƙuri. Jakuna dai ba su san ta'aziyya ba." Ya karkaɗe hannunsa. "Yau zan cike mangalata a Hadejia. Nan da kwana goma sha biyu zan dawo, albarkacin shekara bakwai. In na tarar da kaya a ɗaure, mun ci gaba. In ban tarar ba, can ma akwai wuta."

Marigayin ya rasu ya bar randa, abokiyar zamansa, wadda tun safe ba wanda ya ji motsinta. Ya bar murhu uku marayu, da ƙanensa ludayi wanda bai gaji komai na halinsa ba. Ya bar manyan dangi a kan kogi, gorunan da masunta ke hawa. Ya kuma bar Yagana da kwana goma sha biyu don ta yi aikin da a da ya ci mata kaka guda.

Za a binne shi gobe Talata a bayan murhun tsakiya, da zarar rana ta fito. Ba za a yi masa salla ba, don ƙoƙo ne, kuma ba za a jira kowa ba. Ba za a shimfiɗa tabarma ba. Ana karɓar gaisuwa a tsaye a bakin wuta, kuma duk wanda gaisuwarsa ta wuce uku za a miƙa masa wuƙa da kwando. Mai son taimako ya taho da busasshen ƙoƙo, domin shida za a huda a jera a gwada. Kawu Umara ya fasa komawa Jahun, ya ce shi zai zauna gadinsu har a samu magaji, kuma an karɓa bisa sharaɗin hannunsa na cikin riga.

Roƙon gidan ga jama'a ɗaya ne. Daga yau, duk wanda ya shigo ya ga ƙoƙo mai huji, komai tausayinsa, ya bar shi da hujinsa.